Kura Da Shan Bugu: Halin Da Direbobin Kasuwar Dawanau Ke Ciki

Duk wanda ya fita daga birnin Kano ya kama hanyar Katsina, kafin ya yi nisa zai tarar da manyan motoci sun yi jerin gwano a bakin titi. Waɗansu an riga an lulluɓe su da tamfol an ɗaure da igiya, waɗansu kuwa 'yan dako na ta hawa da sauka da buhuna a ka. Nan ce kasuwar Dawanau. Idan mutum ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin motocin, zai ga mutane kwance a kan tabarma ko kwali, buta da ɗan ƙullin kaya a gefe. Direbobi ne da yaransu, jiran lodi suke yi. Wani kwanansa biyu a nan, wani mako guda cur, kuma ga yawancinsu kwanakin jiran nan ba su cikin lissafin lada.

'Yan'uwa masu karatu, a wannan makon muna so mu duba yadda ake biyan mutanen nan da irin yanayin da suke aiki a ciki. Maganar ba ta nesa ba ce. A cikin ikilisiyoyinmu akwai direbobi, akwai matansu da 'ya'yansu, akwai kuma masu motocin kansu. Mun sha zuwa gaishe su a asibitin ƙashi, mun kuma sha zuwa yi wa iyalansu ta'aziyya.

Kasuwar da ke ciyar da ƙasashe

An kafa kasuwar Dawanau a 1985, a cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, ana kuma lissafa ta a matsayin babbar kasuwar hatsi ta Afirka ta Yamma. Masara, gero, dawa, wake, waken suya, gyaɗa, riɗi da zoɓo duk a nan suke haɗuwa daga ƙauyukan arewa. Daga nan kuma su watsu: waɗansu su nufi Ikko da Badun, waɗansu Anaca da Fatakwal, waɗansu su tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram a Nijar, ko Kamaru da Cadi. Riɗi da zoɓo kuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa sukan nufa, domin a kai su ƙasashen waje.

A zamanin dalar gyaɗa jirgin ƙasa ne ke wannan aiki, gama tun 1911 layin dogo ya iso Kano. Da harkar jirgin ta lalace, sai nauyin duka ya koma kan titi. Tirela mai ɗaukar tan 30 tana cin buhu 300 na masara, in buhun mai kilo 100 ne. Wato dukiya ta miliyoyin naira ake damƙa wa mutum ɗaya da yaronsa, a ce su kai ta wani gari mai nisa lafiya, ba tare da ko buhu ɗaya ya yi ciwon kai ba. To, me ake ba mutumin da aka ɗora wa wannan amana?

Yadda kuɗin mota ke rabuwa

Kafin kuɗin ɗaukar kaya ya iso hannun direba, hannuwa da yawa sun taɓa shi. Ɗan kasuwa mai kaya yakan nemi ɗan kamasho, shi ne zai samo mota, a yi ciniki, ya ɗauki la'adarsa. Ƙungiyar tasha ta karɓi nata. Galibi akan ba da wani kaso kafin a tashi, ragowar sai an sauke kaya. Daga kason farko ne za a sha man gas, a ware kuɗin hanya, sauran ya tafi wajen mai mota.

Shi kuwa direba, hanyoyin biyansa kusan uku ne. Akwai mai albashin wata, kamar yadda ake yi a manyan kamfanoni. Albashin ba shi da yawa, abin da ke riƙe da gidansa shi ne alawus ɗin da ake ba shi a kan kowane sawu. Akwai wanda ba shi da albashi sam, sai dai a yanka masa wani abu a kan kowane sawu, ko wani kaso daga abin da motar ta samo. Akwai kuma wanda mai mota zai ce masa ya kawo kaza a kowane sawu ko kowane wata, abin da ya ragu nasa ne, in kuma bai ragu ba, bashi ya hau kansa. A cikin motocin kasuwa, hanyoyi biyu na ƙarshe sun fi yawa, kuma da baki ake ƙulla su, daga mai mota sai direba, sai ko wanda ya tsaya masa.

Idan aka lura, duk hanyoyin nan uku abu ɗaya ya haɗa su: sawu ake biya, ba a biyan lokaci. Ranar da mota ke tsaye, ko jiran lodi take yi, ko tana garejin bakanike, ko tana layin sauke kaya, tukunyar gidan direba ba ta san da zamanta ba. Wannan shi ne tushen yawancin abubuwan da za mu ambata a gaba.

Har ila yau akwai maganar mai. Mai mota yakan auna lita kaza ya ce ta isa zuwa da dawowa. In direba ya yi tsimi ya rage, ribarsa ce. In cunkoso ko zagaye ya cinye man, shi zai cika daga aljihunsa. A farkon 2022 litar man gas ba ta kai naira 300 ba, kafin ƙarshen shekarar ta haura 800, a 2024 kuma ta wuce 1,000 nesa ba kusa ba. Tun daga lokacin, kowace lita ta zama abin gardama tsakanin direba da maigidansa.

A ƙarƙashin direba kuma akwai yaron mota, wanda mutane ke kira karen mota ba tare da sun ji nauyin sunan ba. Shi ke ɗaure tamfol, shi ke cire taya a tsakiyar rana, shi ke dirowa da gudu ya sa katako a bayan taya idan mota ta ƙi hawa tudu, shi ke kwana a ƙarƙashinta yana gadi. Ba shi da albashi, sai abinci da ɗan abin da direba ya ga dama ya miƙa masa. Ladansa shi ne koyon tuƙi, kuma yakan yi shekaru kafin a amince a ba shi mota.

Lissafin hanya

Daga Kano zuwa Ikko tafiya ce ta wajen kilomita 1,000 ko fiye, ya danganta da hanyar da aka bi. Ƙa'idar hanya ta ƙasa ba ta yarda tirela ta wuce gudun kilomita 60 a awa ɗaya ba, ko da a kan tagwayen hanya ne. Mai lissafi zai ga cewa ko da titin sumul yake, babu rami babu shinge, sai an yi kusan awa 17 ana riƙe da sitiyari. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana kuma gargaɗin direbobi su riƙa tsayawa su huta bayan 'yan awoyi na tuƙi. Ke nan tafiyar kwana biyu ce ga wanda ya bi doka, a kan hanya mai kyau.

Amma ina hanya mai kyau? Wanda ya bi ta Kaduna, Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, Jebba zuwa Ilori ya san ramukan da ke karya wa mota ƙafa, ya kuma san shekarun da 'yan bindiga suka hana mutane sakat a dajin Birnin Gwari. A 2017 gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye, a watan Mayu na 2025 kuma ambaliyar Mokwa ta kashe mutane da yawa ta kuma yanke hanya. Wanda ya zagaya ta Abuja da Lakwaja da Okene ya ƙara nisa, ya ƙara shan mai. Mai kai riɗi Apapa kuwa, an yi shekaru motoci na kwana da kwanaki a layi kafin su shiga tasha, har aka fito da tsarin kiran mota ta na'ura a 2021.

Sa'an nan ga shingaye. Daga jiha zuwa jiha, daga ƙaramar hukuma zuwa ƙaramar hukuma, akwai masu tsayar da mota, masu kaki da marasa kaki, waɗansu da rasit waɗansu da gora mai ƙusoshi. Wannan ya ce kuɗin amfanin gona, wancan ya ce takardar jiharsu dabam ce, wani kuma na goro kawai yake nema. Tun 1998 aka yi dokar da ta hana kowa kafa shinge a kan hanya domin karɓar haraji, amma direban da ke tsaye da tsakar dare a cikin daji ba ya da bakin karanta wa mai gora doka. Kuɗin hanyar da aka ba shi a Dawanau ƙayyadadde ne. In ya ƙare kafin a isa, kuɗin abincinsa zai taɓa.

Asarar kowa a kansa take sauka

Idan aka isa aka ƙirga buhuna aka ga babu biyu, ko ruwan sama ya shiga ta ɓular tamfol ya jiƙa waɗansu, mai kaya zai cire daga ragowar kuɗin mota, mai mota kuma ya cire daga ladan direba. Idan taya ta fashe, sai a ce gangancinsa ne, ko da kuwa tsohuwar taya ce aka saya masa. Idan aka rasa lodin dawowa, motar ta dawo fanko, sawun nan ya zama rabin sawu.

Akwai kuma asarar da babu hannun direba ko na maigidansa a ciki. A watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufe iyakar arewa har zuwa Maris na 2024, motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela da Maigatari, kaya na lalacewa, direbobi na cin bashin abinci. Bayan da aka fara zaman gida na ranar Litinin a jihohin kudu maso gabas a Agustan 2021, mai kai kaya Anaca ko Aba sai da ya riƙa yin lissafin ranar da zai shiga, an kuma sha ba da labarin motocin da aka ƙona da direbobin da aka kashe a can. A farkon 2024, da tsadar abinci ta kai intaha, jama'a sun wawashe motocin kaya a wurare kamar Suleja da Dogarawa ta Zariya. A duk waɗannan, mai kaya yana shagonsa, mai mota yana gidansa. Wanda ke cikin motar shi ke fuskantar abin da ido. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Idan ɓera da sata

Kada mai karatu ya ɗauka muna wanke direbobi ne tas. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai masu zuƙe mai su sayar a bakin hanya. Akwai masu huda buhu su rage tiya ɗaya ɗaya. Akwai masu ɗora fasinja a bisa kaya domin samun na cefane, alhali in motar ta kife mutanen nan ba su da mafita. Akwai masu yarda a labta wa mota kayan da suka fi ƙarfinta, birki ya kasa riƙewa a gangare. Akwai kuma abin da ke faruwa a matsayar dare irin su Mararrabar Jos da Tafa da Ogere, inda kuɗin da mata da yara ke jira a gida yakan narke, wani lokaci har a koma gida da ciwo.

Amma a tambaya, me ke sa mutum mai hankali ya yi tuƙi dare biyu bai runtsa ba? Idan sawu ne kaɗai ake biya, wanda ya yi sawu huɗu a wata ya fi wanda ya yi uku, ko da na ukun shi ne ya bi doka. Saboda haka sai a fara da goro da shayi mai kauri, daga nan a koma ƙwaya irin su taramol. Barci kuwa ɓarawo ne, ba ya sallama. Tun 2017 aka tilasta sa na'urar rage gudu a motocin haya, amma babu na'urar da ke hana mai gyangyaɗi sauka daga titi. Duk tsarin biyan da ke saka wa mai sauri ya hukunta mai hutawa, yana da hannu a cikin jinin da ke zuba a kan hanya, kuma ba jinin direba kaɗai ba ne, har da na masu ƙananan motoci da 'yan talla a bakin titi.

Me doka ta ce?

A watan Yuli na 2024 aka ɗaga albashi mafi ƙanƙanta zuwa naira 70,000 a wata, daga 30,000 da aka sa a 2019. Sai dai dokar ta tsame wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ta kuma tsame waɗanda ake biya da kamasho ko da yawan aikin da suka yi. Mai mota biyu ko uku bai kai ma'aikata 25 ba, direban da ake biya da sawu kuma ya faɗa cikin kashi na biyu. Ashe ke nan yawancin direbobin kasuwa suna wajen inuwar wannan doka.

Duk da haka akwai dokokin da suka shafe su, waɗanda da yawa ba su sani ba. Dokar Ƙwadago ta ce kafin ma'aikaci ya cika wata uku, dole maigidansa ya ba shi takarda mai bayyana irin aikin, da ladan, da yadda za a rabu. Ta kuma hana a yanke wa ma'aikaci lada saboda asara haka kawai, sai in ganganci ko sakacinsa ne ya jawo, kuma sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na kuɗin albashi a asusun gwamnati, domin a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko iyalinsa in ya rasu. A 2019 kuma an buɗe tsarin fansho na masu sana'ar hannu, wanda direba zai iya shiga da kansa yana zuba kaɗan kaɗan. Akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano. Amma wanda ba shi da ko guntuwar takarda, da me zai je gaban alƙali?

A sani kuma, inshorar da yawancin motoci ke yanka domin nuna wa jami'ai a hanya, ta wanda aka buge ce, ba ta direba ba. Mun taɓa zuwa ta'aziyyar wani direba da ya yi shekaru yana jan motar mutum ɗaya. Maigidan ya zo, ya kawo buhun shinkafa da ɗan abin da ya sawwaƙa, ya yi gaisuwa cikin mutunci ya tafi. Kafin wata ya zagayo an gyara motar an ba wani. Matar da 'ya'ya biyar kuwa, zumuntar mata ce ta riƙa haɗa musu kuɗin makaranta. Ba mu ce mutumin mugu ne ba. Abin da aka saba yi ke nan, shi ya sa ma abin ya fi ciwo.

Masu motoci ma na kuka

Gaskiya ce, mai mota ba a kan gadon fure yake ba. Da darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗin taya da batir da kayan gyara ya yi tashin gwauron zabo, gama yawancinsu daga waje ake shigo da su. Wani bashi ya ci ya sayi motar, hatsari ɗaya ya isa ya mayar da shi gidan jiya. A watan Fabrairu na 2024 ƙungiyar masu manyan motoci ta ƙasa, wato NARTO, ta ajiye aiki na ɗan lokaci a kan cewa kuɗin dakon mai ba ya biyan abin da suke kashewa. Direbobin tanka suna da reshensu mai ƙarfi a cikin ƙungiyar NUPENG, in sun yi fushi ƙasa duka takan ji a jikinta. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta hana kai kaya kudu na kusan mako guda, nan take tumatir da albasa suka yi tsada a Ikko. Wannan ya nuna nauyin aikin motocin nan. Amma a cikin duk waɗannan yaje-yaje, ba safai ake jin an ɗaga murya a kan ladan direban hatsi da yaronsa ba. Ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda aka kafa tun 1978, tana karɓar kuɗinsu a tasha kullum, ya kamata a ga ta tsaya musu a nan ma.

Kira

Ga 'yan'uwa masu motoci, muna roƙo a fara da abu mai sauƙi: a rubuta yarjejeniya, ko da a takardar littafin makaranta ce, da shaidu biyu. A faɗi ladan sawu, a faɗi wanda zai ɗauki asarar taya da ta ruwan sama. A yanka wa direba kuɗin kwana na ranakun jira da ranakun gareji. A sa wa yaron mota nasa ladan dabam. A yi musu inshorar rai da ta rauni, kuɗinta na shekara bai kai abin da hatsari ɗaya zai ci ba. In an sauke kaya, a biya shi a ranar, kada a ce ya dawo jibi. Kuma kada a buga masa waya da tsakar dare ana tambaya me ya sa ya tsaya.

Ga 'yan kasuwa, in kun riƙe mota kwana uku ba ku sauke ba, ku san akwai bakin da kuka hana abinci, ku biya kuɗin jiran.

Ga direbobi, ku riƙe amana domin bakinku ya yi ƙarfi wajen neman haƙƙi. Ku ajiye littafin lissafi, ku rubuta kowane sawu da abin da aka kashe. Ku shiga adashi ko asusun fansho tun ido na gani, gama tuƙin babbar mota ba aikin tsufa ba ne, baya da ido su ke fara gajiya. In barci ya zo, a faka a kwanta. Sauri ya haifi nawa?

Mu kuma sauran jama'a, idan aka ɗora tukunyar tuwo a gidajenmu, ko muka ga buhun wake a kasuwar wani gari mai nisa, mu tuna wani ne ya kwana a ƙarƙashin mota kafin ya iso. Matansu na nan tare da mu, kan yi mako biyu ba su ga maigida ba. Mu riƙa leƙa su. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.